Amsar Baffa Ta Biyo Wata Hanya

Mahaifina ya kurumce tun ina sakandare. Zazzaɓi ne ya kwantar da shi a hanyar Marwa, aka yi masa wasu allurai, ya tashi da ransa amma kunnuwan suka tafi. Bai bar shagon atamfofinsa da ke babbar kasuwar Garwa ba, sai ya koma ciniki da ido. Bakin mutum yake kallo, ko da Hausa ko da Fillanci, ya ɗauke maganar tun kafin ta gama fitowa. Abin da ya dame mu a gida shi ne har ƙarya yana gani. In ka rubuta masa magana a takarda sai ya ture, ya ce rubutu ba shi da fuska.

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba. Uwata yake cewa. In kuma tsokana ta motsa masa sai ya ce injiniyar iska, wai shi bai taɓa ganin hajar da nake sayarwa ba.

Yana da ƙane guda, Baffana, wanda na girma ban taɓa sa shi a ido ba. Ranar da kakata ta rasu, tun kafin a haife ni, Baffa yana Kuseri wajen fataucin busasshen kifi. Aka aika masa, ya taso, mota ta lalace masa a hanya. Ko da ya iso an riga an kai ta, mutane sun cika ƙofar gida ana zaman makoki. Baba ya dube shi a gaban jama'a ya ce wanda ya fi son hanya a kan uwarsa ya koma hanya. Baffa ya mayar da takalmin da ya fara cirewa, ya juya. Ya koma Kuseri, ya haye kogi zuwa Njamena, ya yi aure can, ya haifi 'ya'ya can, bai sake taka Garwa ba. Dukansu biyu taurin kai ne da su, kuma an ce ni na gaje shi.

A shekarar annoba da aka rufe iyakoki, cikin damina, ciwon zuciyar Baba ya kai inda likita ya ce mu mayar da shi gida. Wata safiya ya kira ni da hannu, na zauna inda zai ga bakina. Ya ce, "Uwata, ina son ganin yaron nan." Yaron nan kuwa a lokacin gemunsa ya yi fari fat.

Na ce, "Baba, an rufe gadar Njamena. Ba mai hayewa."

"To me ake biyanki ki yi a wurin aikin naki?"

Ina aiki ne a wani ƙaramin kamfanin intanet na nan Garwa. Mu ne muke kafa wa ofisoshi da asibitoci da wasu gidaje eriya a rufi, tana kallon dogon ƙarfenmu. Gidanmu ma akwai ɗaya. Na nemo lambar 'yar Baffa ta wurin wata mai kai turare Kuseri, muka yi ta rubuce-rubuce kamar masu shirya aure. Ta ce da ta gaya wa tsohon nata, ya shiga ɗaki, ya fito ya ce shi ba zai fara magana ba, amma in Yaya ya yi magana zai saurara. Muka sa kiran bidiyo washegari da hantsi.

A daren ne ruwa ya yi ɓarna a hanyar Ngaundere, ƙasa ta zabtare ta danne igiyar fibar da ke kawo wa arewa intanet daga kudu. Da ma ta tsinke gaba ɗaya da na gode Allah. Sai ta yi rabi da rabi, tana numfashi, tana zubar da yawancin abin da aka ɗora mata. Kamfanonin waya duk a kanta suke, don haka wayoyin gari suka zama kayan ado. Ni ban damu sosai ba, domin kamfaninmu yana da ƙofa ta biyu, wani tsohon farantin tauraron ɗan'adam a bayan ofis. Ƙofa ce ƙunƙuntacciya, amma lafiyarta lau.

Sai na ɗan bayyana yadda abin yake, in ba haka ba ba za a gane haukan da na yi ranar ba. Intanet ba abu ɗaya ba ne. Gidaje ne masu yawa, kowane kamfani gida ne mai lambarsa. Kowane gida yana shelanta wa maƙwabtansa cewa adireshi kaza da kaza suna wurina, maƙwabci ya ƙara tasa lambar a jikin shelar ya miƙa gaba, na gaba ma haka. In shela ta iso wa wani gida ta hanyoyi biyu, sai ya zaɓi ɗaya. Abu na farko da yake dubawa shi ne son ransa, wato fifikon da shi da kansa ya ɗora wa kowace ƙofa. In ƙofofin sun yi daidai a nan, sannan ya duba wadda jerin lambobinta ya fi gajarta. Akwai wasu ƙananan alamomi bayan wannan. Amma duk cikin abubuwan da ake dubawa babu tambayar ko hanyar tana da lafiya. Muddin ƙofa ta amsa sallama, ana ɗaukarta a buɗe take.

Na kawo kwamfutata gefen gadon Baba, na shiga na'urar raba hanyar kamfani ta eriyar rufi. Na ɗaga fifikon faranti sama da na fibar. Nan take duk abin da ke fita daga wurinmu ya koma ta sama. Na ji daɗi, har na yi wa Inna, mahaifiyata, alfahari. Inna ta sa wa Baba farar riga da hula, ta jingine shi da matasai. Ya sa a fesa masa turare, kamar ƙamshin zai haye kogi.

Kiran ya shiga. Fuskar Baffa ta bayyana, kamarsu ɗaya sak, sai dai shi ya fi duhu. Baba ya dube shi, ya fara magana da ƙarfi irin na wanda ba ya jin muryar kansa. Ya kira shi da sunan da uwarsu ke kiransa. Ya ce maganar da ya yi a ƙofar gida ranar nan bai kamata ba, ya san mota ce ta lalace, ya sani tun a ranar. Ya ce ga shi zai tafi, yana roƙon ya yafe masa. Ban taɓa jin mahaifina ya roƙi ɗan'adam komai ba sai ranar.

Ya gama, ya zuba wa bakin ƙaninsa ido. Bakin bai motsa ba. Hoton ya daskare tun a farkon maganar, ya tsaya a kan Baffa leɓɓansa a datse, idonsa yana kallon gefe. Muryar ma ba ta zuwa sai wata 'yar ƙara jefi-jefi. Baba ya jira, ya ƙara jira. Sannan ya zare hularsa ya ajiye a kan cinya.

Ya ce, "Ya ƙi."

Na juyo da fuskarsa wajena. "Baba, bai ƙi ba. Hoton ne ya tsaya. Layi ne."

"Na san wannan fuskar. Da ita ya bar gidan nan."

Saƙon 'yar Baffa ya lallaɓo ya shigo, don rubutu ba shi da nauyi. Ta ce sun gan shi tar, sun ji kowace kalma, tsohon nata yana kuka yana ta cewa na yafe, Yaya, ni ma ka yafe mini. Na ɗora wayar a gaban idon Baba, na karanta masa da bakina a hankali. Ya dube ni da tausayi, ni da na zo tausaya masa. Ya ce, "Uwata, ke 'yar kirki ce. Ko bai faɗa ba haka za ki ce." Ya juya fuskarsa bango.

Nan na gane abin da na yi da abin da ban yi ba. Hanyar fita tawa ce, na gyara ta. Hanyar dawowa kuwa ba ni ke zaɓenta ba. Amsar Baffa takan tashi daga Njamena, ta je har Turai, wani babban gida a can ya duba shelarmu guda biyu ya zaɓi ta fibar, ya cusa fuskar Baffa cikin igiyar da laka ta danne. Mutumin da ke hayin kogi, wanda mai kwalekwale zai kai ka ƙofarsa kafin shayi ya huce in kana Kuseri, ga inda maganarsa ke yawo. Na ce wa 'yar Baffa ta ɗauki bidiyonsa ta turo. Ta turo, ya tsaya a ƙofa yana juyi, ya ƙi sauka.

Wanda ba shi da iko a kan hanyar dawowa, abin da ya rage masa lallashi ne. Dabarar da kowa ya sani a aikinmu ita ce ka maimaita lambar gidanka a jikin shelar da ke fita ta ƙofar da ba ka so, don jerin ya yi tsawo, mutanen nesa su ga kamar hanyar ta yi nisa su kauce mata. Na maimaita lambarmu a shelar fibar. Na'urar tamu tsohuwa ce, ba ta isar da canji sai an katse gaisawarta da maƙwabci an sake ƙullawa. Na katse, na ƙulla, na duba. Amsa tana nan tana biyo fibar. Na ƙara tsawon jerin, na katse, na ƙulla. Ko gezau. Na koma ɓangaren faranti na liƙa wa shelarsa wata alama da na tuna an taɓa cewa tana jawo fifiko, na katse, na ƙulla. Na ga ba ta yi ba, na cire, na sake katsewa. Ina ta bugun madannai kamar su suka yi mini laifi.

Da azahar na samu wani injiniya na kamfanin fibar a Duwala, bayan kira ya yanke mini ba adadi. Na zazzaga masa Faransanci, na ce jerin lambobina ya kusa kai tsawon rawani amma ba wanda ya kula. Ya ce, "Madame, ko ki maimaita har gobe. Babban gidan can mu abokan cinikinsa ne, ya ɗora mana fifiko sama da kowa. Ba ya ma kai wa ga duba tsawo." Na san wannan. Na karanta shi, na ci jarrabawa a kansa, har na koya wa wasu. Amma ranar kaina ya ƙi ɗauka. Na ce to su su rage fifikon daga wajensu, ko na yini ɗaya. Ya ce mai ikon taɓa wannan yana gida saboda annoba, in shigar da koke a rubuce, za a duba. Na gaya masa wata magana da ba zan maimaita a nan ba. Bawan Allah bai yi fushi ba, ya ce Allah ya ba mahaifina lafiya, abin da ya ƙara ƙona mini rai ke nan.

Baba ya ƙi cin komai. Inna ta kawo kunu ya kau da kai. Numfashinsa ya fara yin sama-sama, ƙafafunsa sun kumbura sun yi sanyi. Can ya buɗe ido ya neme ni, ya ce in bar wahalar da kaina, hakkin mutum ne, in ya ga dama ya riƙe. Ya faɗe ta a natse, kamar mai karɓar hukunci. Wallahi da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Mutuwar na riga na sallama da ita. Abin da na kasa ɗauka shi ne ya tafi yana ganin an mayar masa da roƙonsa, alhali an karɓa.

Abu ɗaya ya rage, in janye shelarmu daga fibar gaba ɗaya. In ƙofa ɗaya ce tak, ba wanda zai yi zaɓe. Amma farantin ba zai ɗauki dukan masu hulɗa da mu ba, dole in shaƙe kowa in bar gidanmu. Na kira mai kamfanin, wani dattijon Bafillace da ba ya ɗaga murya. Ya saurare ni har na gama. Ya ce, "Asibitin nan na bakin kasuwa fa?" Na ce zan bar musu ɗan abin da za su aika rubutu. Sai ya ce, "Bayan la'asar, in ofisoshi sun tashi. Ki yi ki gama. Ni ban ji ba, ban gani ba."

Ban iya jira a zaune ba. Kafin la'asar na sake gwada wasu alamomin a ƙofofin biyu, ko Allah zai sa a dace ba sai na rufe wa mutane ba. Kowane gwaji da katsewa da ƙullawa. Ana sallame salla na rubuta wa 'yar Baffa su shirya, na janye shelar fibar.

Komai ya mutu. Hoton da ke daskarewa ma babu, rubutun da ke lallaɓowa ma babu. Na duba faranti, lafiyarsa lau, shelarmu tana fita. Na nemi ganin yadda duniya ke ganinmu, na tarar a manyan gidajen can ba mu nan kwata-kwata. Na yi sauri na mayar da shelar fibar, ita ma ba wanda ya ɗauka.

Na zauna ina kallon allon kwamfuta, sai abin ya faɗo mini. Manyan gidajen nan suna da wata ƙa'ida ta kare kansu. Duk shelar da ke yawan bayyana tana ɓacewa, ko tana canza kama, suna rubuta mata laifi. In laifin ya taru sai su daina sauraronta, har sai ta zauna shiru na wani lokaci laifin ya narke. Tun hantsi nake katsewa ina ƙullawa. Shelar faranti sun daɗe da toshe mata kunne ban sani ba, ta fibar ce kaɗai suke ɗauka, ita ma tana gab da cika mudu, na zo na ƙarasa ta da hannuna. Ba wanda zan kira. Na'urori ne a ƙasashen da ban taɓa zuwa ba, suna bin abin da aka tsara musu. Kuma duk taɓawar da zan ƙara yi, ƙarin laifi ce.

Maganin kawai in cire hannuna. Na sake janye ta fibar sau ɗaya, na bar ta faranti yadda take, na rufe kwamfutar na tura ta ƙarƙashin gado don kada shaiɗan ya sa in buɗe. A rayuwata ban yi aiki mai wuyar wannan zaman ba. Inna tana tofa wa Baba addu'a, ni ina riƙe da waya ina kallon inda alama za ta fito. Inna ta ce, "Ke ba za ki yi wani abu ba?" Na ce abin da nake yi ke nan. Ta dube ni kamar na zage ta, kuma ban ga laifinta ba.

Rana ta yi ƙasa, hasken taga ya koma ja. Baba ya buɗe ido sau ɗaya, ya dubi wayar da ke hannuna, ya dube ni. Na ce masa saura kaɗan. Ban sani ba ko ya karanta bakina. Idon ya lumshe a hankali, daga nan bai ƙara buɗewa duka ba. Na kira shi, na girgiza kafaɗarsa, na ɗaga fatar idon da yatsana. Yana numfashi, amma ba ya kallon komai.

Gab da magariba saƙonni suka fara zubowa a wayata, bidiyon da ya ƙi sauka tun hantsi ya sauka cikin ƙiftawar ido. Kafin in taɓa komai kira ya shigo. Ga Baffa, tar, har ina ganin jan da ke idonsa da zaren da ya fita a bakin hularsa. Duniya ta yarda ta biyo ta faranti. Ya gan ni ya ce, "Ke ce Uwata?" Na ce ni ce, Baffa. Na juya wayar wajen Baba.

"Yaya," in ji shi. "Yaya, dube ni. Na yafe. Tun da daɗewa na yafe, girman kai ne ya hana ni zuwa. Yaya, ka ji?"

Bakin yana motsi sarai, kowace kalma a fili, irin yadda Baba ke son a yi masa magana. Na riƙe wayar daidai fuskarsa, Inna ta tallafo kansa, muna ta kiransa mu biyu kamar mun manta kurma ne. Idon bai buɗe ba.

Ban san abin da ya sa na yi haka ba. Na ƙure ƙarar wayar, na buɗe tafin hannun Baba na kwantar da ita a ciki, na rufe da nawa hannun. Na ce, "Baffa, kada ka daina magana." Bai daina ba. Ya yi ta magana, ya koma ba shi labarin ranar da suka saci mangwaro a bakin kogin Binuwai uwarsu ta zane su tare, ya dawo kan na yafe, ya sake komawa. Ina jin muryar tana kaɗawa ta cikin ƙasusuwan hannun Baba zuwa nawa. Can sai yatsunsa suka motsa, suka naɗe wayar, suka riƙe.

Ya cika bayan an idar da sallar magariba, wayar tana hannunsa, Baffa yana magana. Sai da Inna ta ce masa ya isa haka sannan ya yi shiru.

Da aka buɗe gada Baffa ya zo Garwa, ya cire takalminsa a ƙofar gida, ya shigo. Bayan ya dawo daga maƙabarta ya zaunar da ni ya tambaye ni ko Yaya ya ji. Na ce masa ya riƙe wayar. Ya ce ba abin da ya tambaya ke nan ba. Inna ta ce tabbas ya sani, jini ba ya ɓuya, kuma Baffa ya karɓi wannan ya koma da shi. Ni kuwa 'yar mahaifina ce, ba na iya karɓar magana don kawai tana da daɗi. Hannun mai barin duniya yakan damƙe duk abin da aka sa masa. Har yau ban sani ba ko ya gane muryar ƙaninsa ce a tafinsa, ko ya tafi da waccan fuskar ta hantsi mai datsattsen baki.